Allurar Masta Misbahu

Malam Misbahu mai gyaran keken ɗinki ne a Kasuwar Tarauni. Rumfarsa tana layin teloli, ƙarama ce, mutum biyu ba sa zama a ciki sai ɗaya ya miƙe ƙafarsa waje. Shekararsa arba'in da tara. Gajere ne, ba shi da jiki, kuma idan yana magana sai ka matso kafin ka ji. Kullum akwai allurar keke soke a gefen hularsa, don ya ce tela ba ya zuwa da matsala sai a inda babu kayan aiki. Wanda bai san shi ba ba zai taɓa kawowa a ransa cewa mutumin nan yana koyar da kareti ba, sai in ya lura da hannunsa. Gaɓoɓin yatsunsa sun yi kanta, sun yi baƙi kamar gwiwar raƙumi. Da wannan hannun yake zura zare a allura, ba tabarau.

A kasuwa Malam Misbahu ake ce masa. A Gyaɗi-Gyaɗi kuwa, inda gidansa yake, Masta ne. Ya koyi kareti tun yana saurayi, wajen wani malami da ke horar da matasa a filin wasa na cikin gari, ya yi shekara goma sha ɗaya kafin a ɗaura masa baƙar ɗamara. Bai taɓa zuwa gasa ko'ina ba. Ya ce lokacin da aka kira shi mahaifinsa yana kwance ba lafiya, da ya rasu kuma rumfa ta dawo hannunsa. Shekara goma sha shida ke nan yana koyarwa a wani aji da ke can ƙarshen wata firamare a unguwarmu. Ajin nan a yashe ya same shi, iska ta yaye rufin, awaki suna kwana a ciki. Shi ya hau ya buga kwano, ya dafe ƙasan da siminti, ya rataye buhun yashi a jikin katako. Kullum bayan La'asar yana can, ban da Juma'a.

Ni sunana Junaidu, gidanmu yana kallon nasu. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida babu aikin yi daidai lokacin da sojoji suka ce za su miƙa mulki. Sai aka ɗauke ni aikin zaɓe na wucin gadi a wata rumfa. Mun gama, muna shirin ƙirga ƙuri'u, wasu samari kamar su bakwai suka shigo. Ɗayansu ya zo ta bayana ya riƙe mini haɓa, ya ɗora wuƙa a wuyana, nan ƙasan kunne. Bai ce mini komai ba. Ina jin numfashinsa, ina jin warin sholisho a rigarsa. Sauran suka ɗauki akwatin suka fita, shi ma ya sake ni ya bi su. Ban ga fuskarsa ba. Ko ƙwarzane bai yi mini ba.

Kowa ya ce in gode wa Allah, kuma na gode. Amma tun daga ranar, idan Inna ta ɗauki wuƙa za ta yanka albasa sai in bar tsakar gidan. Na daina bi ta layin mahauta. Idan wani ya zo ta bayana ya dafa ni, ko da abokina ne, sai in zabura in matsa gefe. Har yanzu da nake rubuta wannan, wata tara bayan abin, zama nake na jingina bayana da bango.

Masta ne kaɗai bai ce mini in manta ba. Wata rana ya same ni a dakalin ƙofar gida, ya tsaya ta gabana, ya yi sallama tun daga nesa.

"Junaidu, zaman nan ba ya ƙare maka komai. Ka riƙa zuwa aji da yamma."

"Masta, ni ba zan iya faɗa ba."

"Wa ya ce maka faɗa? Akwai benci a bakin taga. Ka zo ka zauna."

Haka na fara zuwa. Ban taɓa cire takalmi na shiga layi ba. Ina kan benci, bayana a bango, idan suka yi ihun nan nasu na lokacin kai naushi sai in runtse ido.

A da ɗalibansa sun haura arba'in. Da aka kaɗa gangar siyasa, uku daga cikin manyan yaransa suka koma gadin wani ɗan takara, ana ganinsu a bayan mota da gora. Ya kore su tun a makon farko, amma magana ta riga ta zaga unguwa cewa a ajin Masta ake ƙyanƙyashe 'yan daba. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, ba wanda ya zo ya faɗa masa, sai dai yaro ya daina zuwa. Lokacin da aka rantsar da sabuwar gwamnati saura masa mutum shida.

A nan ne hedimastan makarantar, Malam Shehu Kabo, ya zo ya same mu. Dattijo ne mai tsoron takarda. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya mukullai a hannu.

"Malam Misbahu, sabon kansila ya aiko. Yana son ajin nan ya zama ofishin matasansa. Ya ce an gaya masa babu kowa a ciki."

"Ga mu a ciki, Malam."

"Na gan ku. Ku shida da mai zaman benci." Ya sauke murya. "Ni ba na son yaran nan su shigo mini makaranta, ka san irinsu. Amma ba zan iya rubuta cewa aji yana aiki saboda mutum shida ba. Ka kawo mini ashirin. Kowane yaro ubansa ko uwarsa ya zo da ƙafarsa ya ce ya yarda. Lahadi ta uku daga yau. In ba haka ba, wallahi ba ni da bakin magana."

Da ya tafi, Masta ya daɗe yana kallon kwanon da ya buga da hannunsa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne, idan aka ba su ajin nan, kullum sai sun wuce ta ƙofar gidanmu.

Ni na ce zan taimaka. Na zauna na rubuta takardun talla da hannu, guda talatin, na manna daga bakin titin Zariya har cikin Darmanawa. Kwana biyu aka rufe su da hotunan taya zaɓaɓɓu murna. Muka koma bi gida gida bayan sallar Asuba, kafin magidanta su fita. Ana karɓarmu da mutunci, a shimfiɗa mana tabarma a soro, a ce Allah ya taimaka, za a yi shawara. Wani direban hayis, Malam Lawan, shi ne ya faɗa mana gaskiya.

"Masta, kai mutumin kirki ne, kowa ya sani. Amma yaro ya iya duka, gobe wani ya ba shi abin sha ya ce ya bi shi. Uwarsu ta ce ko gawarta ba za ta yarda ba."

Mako guda ya wuce ba mu samu ko mutum ɗaya ba. Sai na kawo shawarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce a fito da wasan waje, a filin da ke gaban makaranta, mutane su gani da idonsu. A jami'a na ga ana yin haka, ƙungiya ta kafa lasifika ta tara jama'a. Mu ba mu da lasifika, na ce zan nemo makaɗi.

"Wane irin kiɗa?" in ji Masta.

"Kiɗa dai, Masta. Don mutane su fito."

A rumfarsa muke, yana ɗaure wani keke a lokacin, bai ɗago ba. Ya ce to.

Tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya nake makarantar kwana. Na san sunayen manyan biranen ƙasashen duniya, amma ban san cewa kowace ganga da mutanenta ba. Na je Unguwar Gano na tambayi inda zan sami makaɗin maza, aka nuna mini gidan wani Tanko. Na ce masa wasa za a yi, mutum zai fasa bulo da hannu.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da hannu tsirara?"

"Ƙwarai."

"To ai na gane. Ka bar mini sauran."

Ranar Asabar bayan La'asar muka share filin. Ɗalibai shida suka fito cikin fararen kaya, Masta ya ajiye hularsa da takalminsa a kan bencina da muka fito da shi waje. Mutane ba su wuce talatin ba, yawanci yara, sai mata da ke leƙe daga soraye. Tanko bai zo ba, har na fara jin haushi. Aka yi gaisuwa, aka nuna tsayuwa da taku da yadda ake kare duka. Ba wanda ya tafa. Daga nan aka jera jan bulo biyar a kan duwatsu biyu, Masta ya durƙusa a gabansu ya rufe ido.

Daidai nan kiɗan ya tashi daga bayan mutane. Ban taɓa jin irinsa kusa haka ba, yana dukan ƙirji kafin ya isa kunne. Hannun Masta ya riga ya ɗaga, ya sauko, bulo biyar suka rabe gida biyu. Tanko ya kurma ihu ya fara zuba kirari, yana kiran Masta sunayen da ban taɓa ji ba, yana cewa ƙarfe ya ji kunya, dutse ya ji kunya.

Na ji daɗi. Allah ya sani, na ji daɗi, don mutane suka fara ɓullowa ta kowane lungu, 'yan acaɓa suna ajiye babura, masu shago suna rufewa. Cikin minti kaɗan filin ya cika. Sai na lura matan da ke soraye suna janye yaransu ciki. Wani tsoho da ke kusa da ni ya miƙe ya naɗe buzunsa.

"Yaro, wa ya kira mai gangi nan?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ne? To Allah ya kyauta." Ya wuce da sauri.

Daga baya aka yi mini bayani. Gangi kiɗan 'yan tauri ne, masu shan maganin da suke cewa yana hana ƙarfe cin jiki. Duk wanda ya tsaya a tsakiyar fili ana yi masa wannan kiɗan, ya shaida wa gari ke nan cewa wuƙa ba ta kama shi. Kuma duk ɗan taurin da ya ji yana da ikon ya zo ya gwada shi. Masta ya sani. Na ga ya miƙe da sauri ya ɗaga hannu sama don a tsaya. Tanko ya ɗauka jinjina yake masa, sai ya ƙara wuta.

Ta ɓangaren kasuwa suka shigo, su huɗu. Jama'a suka dare da kansu. Na gaba dogo ne, ba riga, ƙirjinsa da damatsansa duk layu. Na ji ana raɗa sunansa, Ɗanladi. An san shi a wasan tauri tun kafin siyasa, da siyasa ta zo kuma aka riƙa ganinsa a bayan motoci. Jikinsa yana tsuma tun daga kafaɗa har ƙafa, kamar mai zazzaɓi. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, doguwa, ya ja ta a cikinsa sau uku da ƙarfi. Ya ja a hannu. Ya fito da harshe ya ja. Babu jini. Filin ya ɗauki sowa.

Ban sani ba ko shi ne ya riƙe ni ranar zaɓe. Har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne wurin nan na ƙasan kunnena ya yi sanyi, na nemi bango a bayana na rasa, sai mutane.

Ɗanladi ya zagaya Masta sau ɗaya, ya tsaya a gabansa. Ya fi shi tsawo da kai guda.

"Kai ne ka sa a kira mu? Da farar riga kamar mai aikin asibiti?"

"Kuskure aka yi, Ɗanladi. Ba ku aka kira ba."

"Gangi ba ya kuskure. Miƙo hannu."

Ɗaliban nan shida suka yunƙuro. Sauran 'yan taurin uku suka sa hannu a ƙugu. Masta bai waiwaya ba, ya ce, "Ku zauna." Suka tsaya. Ya sake cewa, "Na ce ku zauna," da muryar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, suka zube a ƙasa.

Na sha ganinsa a aji yana ƙwace rula daga hannun manyan ɗalibai kafin su ƙifta ido. Na tabbata da ya so da ya karɓe wuƙar nan. Amma da ya taɓa Ɗanladi, da sauran ukun sun zare nasu a tsakiyar yara, kuma da duk abin da iyaye ke faɗa a kansa ya tabbata a gaban idonsu. Idan kuma ya miƙa hannu, wuƙar nan sai ta kai ƙashi. Kiɗan bai tsaya ba, kuma muddin ana yinsa Ɗanladi ba ya jin magana, sai ƙara tsuma yake, kan wuƙar yana rawa kusa da wuyan Masta.

Sai Masta ya ɗaga murya, idonsa na kan wuƙar.

"Junaidu! Je ka riƙe gangar nan."

Tsakanina da Tanko bai fi taku ashirin ba, amma sai na bi ta bayan mutanen Ɗanladi. Ban san yadda na tafi ba. Na tuna takalmina ɗaya ya fita, na tuna warin gumin ɗayansu da na wuce, na tuna ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da na isa ban yi wa Tanko magana ba, na faɗa kan gangar na rungume ta da hannu biyu. Sandar kiɗan ta same ni a kunne.

"Kai ɗan boko, sakar mini ganga! Ba kai ka kira ni ba?"

Ban saki ba. Ko da na so ma hannuwana ba za su buɗe ba.

Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan wani jariri daga cikin gida. Ɗanladi ya tsaya yana haki, yana waige kamar wanda aka tasa daga barci. Masta ya kwance baƙar ɗamararsa a hankali, ya ninke ta, ya ajiye a ƙasa.

"Ka ba ni izini in ɗauko hulata," ya ce masa.

Bai jira amsa ba, ya juya wa wuƙar baya ya taka zuwa benci. Ya zare allurar nan daga gefen hular ya dawo tsakiyar fili, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, wannan allurar keken ɗinki ce, mai lamba goma sha shida. Teloli suna nan, sun san ta."

Ya soka ta a babban yatsansa na hagu, ya matsa. Jini ya taru, ya gangaro har tsintsiyar hannu, ya ɗiga a farar rigar. Sai ya bi da'irar mutane yana nuna musu ɗaya bayan ɗaya, har ya je bakin sorayen da mata ke leƙe. Ya dawo gaban Ɗanladi.

"Ka gani? Ni ban sha komai ba, ban taɓa ba yaron kowa wani abu ya sha ba. Allura ma tana cina, balle wuƙarka. In ka yanke ni, mai gyaran keke ka yanka."

Ɗanladi ya kalli yatsan, ya kalli fasassun bulon.

"To wancan fa?"

"Buhun yashi. Shekara talatin ina dukansa."

"Shekara talatin kana dukan yashi?" Ya juya wajen mutanensa. "Kun ji? Ashe lebura ne!"

Dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Ɗanladi ya ɗora gefen wuƙar a kumatun Masta, ya ɗan bubbuga sau biyu.

"Tela, kar ka ƙara sa a yi mana kiɗa."

Ya mayar da ita kube suka fita ta inda suka shigo. Rabin filin ya bi su. Sauran suka watse suna tsaki, wasu samari suna ihun "Masta mai jini! Masta mai jini!" Tanko ya fizge gangarsa ya ce bai taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Na zaga bayan katanga na yi amai. Da na dawo Masta yana zaune a kan benci shi kaɗai, ya sallami yaran. Na durƙusa a gabansa.

"Masta, ka yafe mini. Ni na jawo."

"Ni ma ban tambaye ka sosai ba. Kuma ai ka riƙe gangar."

Yana ƙoƙarin mayar da allurar jikin hula, ta ƙi shiga. Sai na ga hannunsa ne ke rawa, hannun nan da ya fasa bulo biyar. Sau uku yana gwadawa.

"Masta, kai ma?"

"Da me kake zaton aka yi ni?" Ya miƙo mini hular. "Soka mini, don Allah."

Na gwada, ni ma na kasa. Muka bar ta a kan benci.

Makon da ya biyo baya ya yi mana tsawo. A kasuwa teloli suka sa shi gaba, kowa ya zo sai ya ce, "Malam Misbahu, a yi hankali da allura, kar a kwantar da kai asibiti." Yana murmushi yana aikinsa. Ɗaya daga cikin ɗalibai shidan ya daina zuwa, ya ce abokansa suna yi masa dariya. Ni kuwa kwana huɗu ban fita ba, duk ƙarar babur da na ji a ƙofar gida sai in ɗauka mutanen Ɗanladi ne suka zo neman wanda ya riƙe ganga. Ba mu ƙara zuwa gidan kowa ba. Masta ya fara tambayar inda zai ajiye buhun yashinsa.

Ranar Lahadi na je ne kawai don kar ya zauna shi kaɗai. Malam Shehu Kabo ya sa tebur a bakin ajin da takarda a gabansa. Iyayen yara biyar ɗin da suka rage suka zo suka sa hannu. Daga nan shiru, har rana ta fara karkata.

Sai ga Uwani mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu bara, ta taso 'ya'yanta maza biyu a gaba. Ba ta kalli hedimasta ba, ta nufi Masta.

"Malam, ina soro ranar nan, na ga jinin da idona. Ni dama ba dukan nake tsoro ba. Abin da ake ɗura musu nake tsoro, yaro ya sha ya dawo bai san uwarsa ba. Ka rantse ba ka ba su komai?"

"Ruwan randa kawai, Uwani. Shi ma su suke ɗebowa."

"To ga su nan. Babban ba ya jin magana, ka ninka masa."

Bayanta sai ga Malam Lawan direba da yaransa biyu, yana sosa ƙeya.

"Ba kai ka ce ko gawarta ba za ta yarda ba?" in ji Masta.

"Ita ta koro ni. Ta ce mutumin da aka ɗora wa wuƙa a fuska bai rama ba, ba zai koya wa ɗanta tsokana ba. Tuwona ma ta ce sai na dawo."

Haka suka riƙa zuwa ɗaiɗai, yawancinsu matansu ne suka turo su. Da aka kusa kiran Magariba Malam Shehu ya bi sunayen da bakin biro, ya ce goma sha takwas. Muka leƙa hanya, babu mai zuwa.

Na tashi na tafi gida. Inna tana tankaɗe.

"Inna, ki zo ki sa mini hannu a makaranta."

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Kai da digirinka? Sai na sake kai ka aji ɗaya?"

"Sharaɗin ke nan. Sai uwa ko uba."

Ta miƙe ta ɗauki mayafi. Sai da muka kusa makarantar ta ce, "Ka dai daina guduwa in na ɗauki wuƙa. Albasa ta gaji da jiranka."

Muka zama goma sha tara. Malam Shehu ya cire tabarau ya goge.

"Sha tara ba ashirin ba ne. Ni kuma ba zan rubuta ƙarya ba."

"To rubuta gaskiya," in ji wani magidanci, Malam Audu, ma'aikacin hukumar ruwa ne mai ritaya. "Rubuta sha tara, ka ba mu takardar mu kai masa da kanmu. Ba gidansa ne can bayan masallaci ba? Wata nawa da ya gama durƙusa mana a soro yana roƙon ƙuri'a?"

Bayan an idar da sallah suka ɗunguma, har da Uwani da Inna. Ni ban shiga ba, na tsaya a bakin lungu. Ba su daɗe ba suka fito. Malam Audu ya ce kansila ya tambayi gida nawa ne, da aka faɗa masa sai ya ce ai shi bai taɓa neman ajin yara ba, mutanensa ne ba su fahimce shi ba. Washegari da sassafe na hango Masta a kan rufin ajin yana ƙara ƙusa a inda kwano ya ɗaga.

Ranar Litinin na cire takalmi na shiga layi. An jera mu bisa tsawo, don haka ni ne a ƙarshe, kuma bayana ba bango ba ne, ƙofa ce a buɗe. Na ce wa Masta ko zan koma gefe. Ya ce a'a, amma ya sa babban ɗan Uwani ya je ya tura ƙofar.

Ya nuna mana yadda ake dunƙule hannu, babban yatsa a waje. Nasa yana naɗe da ƙyallen atamfa, don wurin ya ɗan kumbura. Ya ƙirga, aka kai naushi, yara goma sha takwas suka yi ihu. Ni bakina ya buɗe, babu abin da ya fito. Ƙaramin ɗan Malam Lawan ya waiwayo yana dariya.

"Yaya Junaidu bai yi ba, Masta."

"Na ji. Kai kalli gabanka." Ya zo ya tsaya ta inda zan gan shi, ya gyara mini kafaɗa. "A sake. Ɗaya."